Nasiha Ga 'Ya'yanmu A Kan Tsare Dukiya Da Juya Ta

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa bisa hikimarsa, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda ya yi kiwo yana yaro, ya yi fatauci yana saurayi, har mutanen Makka suka shaide shi da riƙon amana tun ba a aiko shi da manzanci ba. Bayan haka, ya ku 'ya'yana maza da mata, da yake kun taso a zamanin da kuɗi suka yi yawa a baki suka yi ƙaranci a hannu, zamanin da yaro zai ji lissafin miliyoyi a wayarsa tun da asuba alhali kuwa bai san inda kuɗin kokon safe za su fito ba, na ga ya wajaba a kaina in yi muku nasiha a kan al'amarin dukiya, domin malamai sun karantar da mu cewa ranar hisabi za a tambayi kowane bawa game da dukiyarsa ta fuska biyu, wato ta ina ya same ta, kuma a ina ya ɓatar da ita, kuma wanda bai iya ba wa kansa wannan amsa a ƙarshen wata ba, da wuya ya iya ba da ita a ƙarshen rayuwa.

Maganar da nake so ta zauna a zukatanku guda ɗaya ce, ko da yake rassanta suna da yawa. Dukiyar talaka tana tashi ne idan mai ita ya san iyakar abin da ya mallaka, ya tsare uwar kuɗinsa daga bakinsa da bakin mazambata, sa'an nan ya sa ta aiki a wurin da ya fahimta, ya kuma yi haƙurin jiran abin da za ta kawo. Manomi, komai tsananin yunwar bazara, ba ya surfa irin da ya ware domin shuka, gama ya sani in ya ci shi yau ya ci daminar bana tun ba ta sauka ba. To, haka uwar kuɗi take ga mai sana'a da ma'aikaci da matar aure mai 'yar sana'arta a cikin gida.

Kun sha jin labarin Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955, kuma abin da aka fi ba ku labari a kansa shi ne raƙuma ashirin na kuɗin azurfa da ya kai ajiya bankin Turawa a Kano a 1929. Amma masu ba da labarin sukan tsallake abin da ya fi raƙuman amfani a gare ku, wato cewa mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, kuma an ce matar da ta rene shi, Tata, ita ta koya masa jefa ɗan abin da ya samu a asusu, ya kuma shafe shekaru masu yawa yana fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe. Da damar ta zo, ta tarar da shi da jari a hannu, da sanin kasuwa a ka, da amincin mutane a kansa, kuma waɗannan abubuwa uku ba wanda ya tara su a dare ɗaya. Yana da shekara hamsin da biyu aka ga raƙuman nan a ƙofar banki.

Farkon tattali shi ne rubutu. Mafi yawan matasan da ke kukan kuɗi ba sa yi musu albarka, in ka zaunar da ɗayansu ka ce ya lissafa maka abin da ya shigo hannunsa a watan jiya da hanyoyin da ya fita, za ka ga ya kawo kuɗin haya da na abinci da na mota, sa'an nan ya tsaya yana susar ƙeya, alhali sulusin kuɗin bai bayyana ba. Wannan sulusin kuwa ya tafi ne a katin waya da data, da shayin majalisa, da ankon bikin abokin aboki, da ɗari biyu-ɗari biyun da ba a ɗauke su komai ba. Saboda haka ka sami ɗan littafi, ka riƙa rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, kome ƙanƙantarsa, har wata guda cur, ba tare da ka yi wa kanka ƙarya ba. Za ka ga abin da zai ba ka kunya, kuma wannan kunyar ita ce mafarin gyara. Ban ce ku zama marowata ba, domin Alƙur'ani ya yabi bayin da suke tsayawa tsaka-tsaki tsakanin israfi da ƙwauro. Abin da na ce shi ne wanda bai auna ba, ba shi da hanyar sanin ko a tsakiyar yake.

Ga mai sana'a kuma, rubutun yana da wani aiki da ya fi wannan girma, shi ne raba uwar kuɗi da riba. Mu ɗauki misalin saurayin da ya buɗe ɗan shagon kayan masarufi a bakin layi da jarin naira 300,000. Da dare ya ja aljihun tebur ya ƙirga cinikin yini ya sami naira 40,000, ransa ya yi fari, ya zari 5,000 ya yi cefane, ya ba ƙaninsa 1,000, ya sa katin waya na 1,000, yana ganin ai bai taɓa komai ba tunda ga sauran 33,000 nan. Alhali kuwa in ribar da yake ɗorawa a kan kaya kashi goma ce cikin ɗari na ciniki, to, abin da yake nasa a cikin kuɗin nan naira 4,000 ne kacal, sauran duk na madara da sukari da sabulun da suka bar kanta ne, waɗanda dole a mayar da su gobe. Ke nan a wannan dare ya ci naira 3,000 daga uwar kuɗi yana murna. In ya ɗore a haka, kafin wata huɗu kantocin shagon sun zama fayau, yana jera kwalayen wofi domin rufin asiri, yana cewa an yi masa baki ko an sa masa hannu. Maganin wannan shi ne mai shago ya yanka wa kansa albashi daidai ƙarfin ribar, ya ƙirga kayansa kowane ƙarshen wata, kuma ko mahaifiyarsa ce ta aiko a ba da gwangwanin madara, ya ba da da ladabi, sa'an nan ya zaro kuɗin daga aljihunsa ya jefa a aljihun tebur.

Bayan rubutu sai tanadi. Kun san ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda ya shawarci mutanen Masar su ajiye amfanin shekaru bakwai na yalwa domin shekaru bakwai na fari, kuma ba wanda ya fi annabawa tawakkali. Wannan ya isa hujja a kan mai cewa tanadi rashin dogara ga Allah ne. Ka cire rabon ajiya ranar da kuɗi suka shigo, tun kafin buƙatu su ji ƙamshinsu, ko da ushiri ne, ko da rabin ushiri, domin wanda ya ce sai abin da ya rage zai ajiye, ba abin da zai rage. Burinka na farko shi ne ka tara abin da zai riƙe gidanka wata uku in aiki ya tsaya, ko ciwo ya kwantar da kai, ko haihuwa ta zo da tangarɗa, kuma wannan kuɗi ba na juyawa ba ne, na lalura ne, a ajiye su inda hannu zai kai gare su cikin dare. Wanda ba shi da irin wannan ajiya, ranar da lalura ta buga ƙofa keken ɗinkinsa zai sayar, ko babur ɗin da yake nema da shi, a rabin kuɗinsa kuwa, domin mai saye yana ganin gaggawa a fuskar mai sayarwa.

Iyayenmu mata sun daɗe da gano adashi, kuma hikimarsa ita ce yana tilasta wa mutum zubi saboda kunyar idon jama'a, ya kuma haɗa masa kuɗi a dunƙule ranar kwasa. Sai dai ku san iyakarsa: adashi ba ya haihuwa, abin da ka zuba shi za ka kwasa, kuma ƙarfinsa duka yana rataye ne a wuyan uwar adashi, in ta kasance mai amana an tsira, in ba haka ba a ƙare a gaban alƙali. Masu zagayawa kasuwa da kati suna karɓar zubin kullum kuwa, bisa al'ada zubin kwana ɗaya nasu ne a kowane wata, wato mai zuba naira 1,000 kullum yana biyan naira 12,000 a shekara ladan ajiya. Kada kuma wanda zai yi kwasa ya bari ranar ta zo bai yanke abin da zai yi da kuɗin ba, gama kuɗin da ba a yi musu suna ba, biki ne yake yi musu suna. Banki ya fi ƙarƙashin katifa tsaro daga ɓarawo da gobara da gara, kuma mai gudun kuɗin ruwa ba shi da sauran uzuri, tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, dukansu a kan tsarin da babu ruwa. Hukumar NDIC, wadda aka kafa a 1988, tana lamunce ajiyar kowane mutum a bankin kasuwanci mai lasisi har naira miliyan 5 tun daga 2024, in bankin ya rushe. Amma lambar sirrin katinka da lambar da ake turo maka ta waya, kada ka faɗa wa kowa, ko da ya rantse daga banki yake kira, domin banki ba ya tambayar su.

To, sai dai akwai ɓarawon da ba ya fasa ƙofa, shi ne hauhawar farashi, kuma saboda shi ne ajiya kaɗai ba ta isa ba. Ranar 1 ga Janairu 1973 da naira ta maye gurbin fam, naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, kuma takardar kuɗi mafi girma ita ce ta naira 10. A 2005 aka fito da ta naira 1,000, a 2024 kuma dala ɗaya ta haura naira 1,500. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce zuwa Disambar 2024 farashin kaya ya tashi da kashi 34.8 cikin ɗari a shekara guda, ma'ana wanda ya ƙulle naira 100,000 a akwati shekara ta zagayo, kuɗinsa suna nan cif a ƙirge, amma abin da za su saya bai wuce abin da naira 74,000 suke saya ranar da ya ƙulle su ba. 'Yan'uwanmu na Nijar ma sun ɗanɗana irin wannan a Janairun 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi a kwana ɗaya. Saboda haka abin da ya haura ajiyar lalura, wajibi ne a sa shi aiki.

Wurin da ya fi cancanta da jarin matashi shi ne hannunsa da kansa: sana'ar da zai koya har ya ƙware, da kayan aikin da za su sa ya daina aro ko haya, domin tela mai kekensa da makaniki mai akwatin sifanunsa sun mallaki abin da hauhawar farashi ba ta cinyewa. Bayan wannan sai abin da ka tashi ka ga ana yi a gidanku ko unguwarku, wanda ka san cikinsa da bayansa. Turkar rago domin babbar salla sana'a ce mai albarka, amma a yi ta da alƙalami: wanda ya sayi rago naira 80,000, ya ciyar da shi dusa da harawa da ƙaiƙayi na naira 35,000, ya kashe 5,000 a magani da kuɗin mota da la'ada, ya sayar 140,000, ribarsa naira 20,000 ce, ko da yake zai shiga majalisa yana cewa ya ci 60,000, in kuma rago ɗaya cikin biyar ya mutu, ribar sauran huɗun ta bi shi. Sayen hatsi da kaka a sayar da bazara shi ma hanya ce da aka sani daga Dawanau har ƙananan kasuwannin ƙauye, sai dai ƙwari suna jiran buhun da ba a adana shi da kyau ba, farashi kuma ba a kullum yake hawa ba, kamar yadda waɗanda suka cika rumbuna suka gani a 2025 da kuɗin masara ya sauko. Sa'an nan shari'a ta yi hani ga ɓoye abinci lokacin da jama'a suke cikin matsi domin a tsauwala musu, kuma ribar da aka ci da hawayen mayunwata ba ta da albarka.

Fili da zinariya sukan riƙe darajarsu sa'ad da takardar kuɗi take narkewa, shi ya sa nake ce wa 'ya'yana mata: sadakinki mallakinki ne, shari'a ba ta ba uba ko miji ikon cinye shi ba, kuma 'yar sarƙar zinariya ko tunkiya biyu da za ki saya da shi sun fi miki tarin kwanukan da za su shekara goma a kabad ba a ci abinci a cikinsu ba. Mai sayen fili kuwa ya yi tambaya kafin ya ƙirga kuɗi: ya ga mai unguwa da maƙwabtan filin, ya tabbata in na gado ne dukan magada sun yarda, ya bincika a ofishin ƙasa ko gwamnati ta ware wurin domin hanya ko makaranta, tun da dokar 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, a kuma rubuta ciniki a gaban shaidu. In da hali ya je ya ga filin a watan Agusta, domin filaye da yawa da suke shimfiɗe sumul da rani, da damina kududdufi ne.

Wanda yake da kuɗi amma ba shi da lokaci ko ƙwarewar juya su, fiƙihu ya buɗe masa ƙofar ƙirali, wanda bankunan Musulunci suke kira mudaraba, kuma almajiran da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid sun san babinsa. Sharaɗinsa shi ne mai dukiya ya ba da kuɗi, mai aiki ya ba da ƙarfinsa da saninsa, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko, rabi ko sulusi ko abin da suka yarda. In kuwa aka yi hasara ba tare da sakaci ko ha'incin mai aiki ba, to, hasarar kuɗi tana kan mai kuɗi, shi kuma mai aiki ya yi hasarar wahalarsa. Idan mai kuɗi ya ce a lamunce masa uwar kuɗinsa, a kuma riƙa ba shi adadi kaza kowane wata ko an ci riba ko ba a ci ba, ƙiralin ya ɓaci. Ku riƙe wannan ƙa'ida da kyau, domin ita ce ma'aunin da za ku auna duk wata harka da za a kawo muku: a shari'a da a hankali, haƙƙin cin riba yana tafiya ne tare da ɗaukar nauyin hasara.

Akwai kuma hanyoyin zamani da ƙaramin mai ƙarfi zai iya shiga. A Satumbar 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 domin gina hanyoyi, ciki har da sassan hanyar Kano zuwa Maiduguri, aka kuma sa mafi ƙarancin abin da mutum zai saya naira 10,000. Mai sukuk yana karɓar kuɗin haya ne sau biyu a shekara, a mayar masa da uwar kuɗinsa in wa'adi ya cika. Hannun jarin kamfani kuwa tarayya ce a cikin mallakar kamfanin, in ya ci riba a ba ka rabonka, in ya faɗi ka faɗi tare da shi. Sai a saya ta hannun dillalin da hukumar SEC ta yi wa rajista, a zaɓi kamfanin da sana'arsa halal ce, a kuma sa kuɗin da ba za a neme su ba nan da shekara biyar. Mutane da yawa sun ci bashin banki sun sayi hannayen jari sa'ad da kasuwar take ta hawa, sai ta juya a Maris na 2008, kafin shekara ta zagayo ta zubar da fiye da rabin darajarta, jari ya tafi, bashi ya zauna. Ma'aikaci kuma ya riƙa duba asusunsa na fansho, domin dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, kuma haƙƙinsa ne ya tabbata kuɗin suna shiga. Kowace hanya ka bi, kada ka tara komai naka wuri guda. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta mai da attajirai masu neman taimako a dare ɗaya, kuma tun kafin ta Hausawa suka ce gida biyu maganin gobara.

Yanzu na zo kan ramin da ya fi cin matasan wannan zamani. Wani zai zo maka, sau da yawa ma abokinka ne ko ɗan'uwanka wanda shi kansa an ruɗe shi, ya nuna maka shaidar shigar kuɗi a wayarsa, ya ce ka zuba kaza, bayan wata guda a ba ka kaza, babu faɗuwa, in ka kawo mutum kuma a ba ka lada. Wannan tsohuwar zamba ce: wani Charles Ponzi ya yi ta a birnin Boston na Amurka a 1920, yana alkawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45, MMM ta wani ɗan Rasha, Sergei Mavrodi, ta yi ta a Nijeriya da alkawarin kashi 30 a wata, har ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta maimaita ta, ta rushe a Afrilun 2025. Asirinta ɗaya ne, ana biyan na farko da kuɗin na baya, ranar da sababbin shiga suka yi ƙaranci sai a kulle ƙofa. Ku ɗauki alƙalami ku gwada: naira 100,000 da take ƙaruwa da kashi 30 kowane wata, in ba a taɓa ta ba, za ta haura miliyan 2 a shekara guda, ta haura miliyan 54 a shekara biyu, ta haura biliyan ɗaya a shekara uku. Wace gona ce, wane kanti ne, wace masana'anta ce a bayan ƙasa take haihuwa haka? Kuma wanda ya mallaki irin wannan hanya, me zai yi da 'yan kuɗinka har yake roƙonka ka kawo? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kafin ka saki sisi, ka tambaya me ake saya, me ake sayarwa, wa yake saye, kuma wace hukuma ce ta ba su izini. In aka amsa maka da dogon Turanci, aka ce ka yi sauri kada dama ta wuce, to, ka riƙe aljihunka ka yi sallama. Cacar ƙwallo da ake yi ta waya ita ma 'yar gidan ce, haramcinta a bayyane yake, kuma da masu yin ta suna cin riba da kamfanonin ba su yawaita ba.

Game da bashi, ya ishe ku sanin girmansa cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka, tana umarni da a rubuta shi, a ambaci wa'adinsa, a kafa shaidu. Kuma ba a raba gadon mamaci sai an biya bashin da ke kansa. Bashin da aka ci domin sayen abin nema, wanda shi da kansa zai biya, yana da fuska. Amma bashin lefe na gasa, da na walimar kece raini, da na sabuwar waya alhali tsohuwar tana aiki, wannan sayen farin cikin yini ɗaya ne da baƙin cikin shekara. Ku nisanci masu ba da rance ta manhajar waya, waɗanda suke ɗora ruwa mai nauyi a kan kwanaki kaɗan, in mutum ya makara su bi lambobin da ke wayarsa suna tozarta shi a wurin surukai da abokan aiki. In kuma kai ne mai bayarwa, ka rubuta ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya, domin takarda ba ta ɓata zumunci, mantuwa da musu ne suke ɓata shi. Mai ƙaramin jari kuwa ya sani littafin bashi ya rufe shaguna fiye da yadda ɓarayi suka rufe.

Kada wani ya fahimci maganata a kan cewa tara dukiya shi ne gaya. Iyaye suna da haƙƙi, iyali suna da haƙƙin ci da sutura da karatu da magani, dangi mabuƙata da maƙwabta suna da nasu, kuma waɗannan a sa su cikin lissafin wata tun farko, a ba da su da sakin fuska. Idan dukiya ta kai nisabi, wato kimar mithƙali 20 na zinariya, kimanin giram 85, shekara kuma ta zagayo a kanta, zakka ta wajaba, rubu'in ushiri, naira 25,000 a kowace miliyan. Ɗan kasuwa mai saye da sayarwa kullum yakan ƙimanta hajarsa sau ɗaya a shekara ya haɗa da kuɗin hannunsa ya fitar, tumaki da awaki kuma nisabinsu 40 ne, shanu 30. Wanda ba ya lissafi ba zai san ranar da wannan farilla ta hau kansa ba. Haka kuma ya kamata a sami amintacce guda a cikin iyalinka wanda ya san inda ajiyarka take, da waɗanda kake bi da waɗanda suke bin ka, domin marayu da yawa sun tashi cikin talauci alhali dukiyar ubansu tana kwance a hannun mutanen da suka yi shiru.

Ya ku 'ya'yana, ba a buƙatar ku jira sai kun yi kuɗi kafin ku fara aiki da wannan nasiha, gama wanda bai iya riƙon dubu ba, miliyan ma zubewa za ta yi daga hannunsa. Ku fara da abin da ke aljihunku yau: ku rubuta shi, ku ware na ajiya, ku biya wanda yake bin ku, ku ƙi duk ribar da ba ku san inda ta fito ba, kuma ku nemi shawarar dattawan kasuwa da malaman fiƙihu kafin ku sa hannu a abin da ya shige muku duhu. Allah ya ba ku na halal, ya sa masa albarka, ya kuma ba ku ikon sauke haƙƙin da ke cikinsa.